Baƙin Zaren da Na Yanke a Ƙafar Yayata

Kafin in ba da wannan labari, ya kamata in bayyana abin da na dogara da shi. Akwai wani ƙaramin littafi mai shuɗin bango da nake rubuce-rubuce a cikinsa a daminar da na kammala jami'a, ina zaune a gida a Gumel ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Aibinsa shi ne ranakun mako nake rubutawa a saman shafi, ba kwanan wata ba. Saboda haka ina iya rantsuwa cewa abu kaza ranar Asabar ya faru, amma ba zan iya cewa nawa ga wata ba ne. Abin da na tabbata shi ne an gama maimai, wato noma na biyu, a gonakin bayan gari, gero ya kai ƙugu. Akwai kuma katin awon yayata, wanda ta ba ni na duba sau ɗaya a gabanta, bisa sharaɗin ba zan kwafi lambobin da ke ciki ba, ban kuwa kwafa ba. Sauran daga bakin mutum uku na ji shi: ita Yaya, da mahaifiyarmu Inna, da tsohuwar unguwarzomar da muke kira Iya. Inda maganarsu ta saɓa zan nuna. Zantukan da na sa a bakin mutane, wasu a ranar na rubuta su, wasu kuwa ƙwaƙwalwa ce ta riƙe mini, ita kuma takan yi gyara ba tare da ta nemi izinina ba.

Yaya ita ce 'yar farin Inna, kuma Inna tana daga cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun tasowata ban taɓa jin ta ambaci sunan Yaya ba. Takan ce "yayarku", ko "yarinyar nan", idan kuma abin ya matsa ta ce "ke", idonta yana wani waje. Ba ƙiyayya ba ce. Duk wanda ya ga yadda take zaɓar mata tsokar nama mafi laushi ta ba ni in kai mata, ya san haka. Haka dai ta ga iyayenta sun yi, haka ta yi.

An aurar da Yaya a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, ga wani mai sayen riɗi da gero. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai, aka dawo da ita gida goyon ciki. Ita ma ta zo da tata kunyar, irin ta mai cikin fari. Kalmar "ciki" ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, kuma idan wata maƙwabciya ta yi mata sannu da jiki sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Sai gidan ya zama akwai mata biyu da ke ƙaunar juna, amma ba mai iya yi wa 'yar'uwarta magana a kan abu ɗaya tak da ya cika musu zuciya. Ni ce na zama hanya a tsakaninsu. Inna takan ce, "Ki ce wa yayarki kunu ya huce," alhali Yaya tana zaune taku uku daga gare ta.

Mutum ɗaya ce kunyar nan ba ta aiki a gabanta, wato Iya. A wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar take, garin da aka haifi Inna, kuma ita ta yanke wa dukanmu cibiya. Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, takan je kasuwar Maigatari ta sayo sauyoyi da ɓawon itatuwa a wurin masu magani da ke tsallakowa daga wajen Damagaram, a hanyar komawa kuma ta ya da zango a gidanmu bayan azahar. Daga bakin waɗannan mutane ta ɗauko kalmar da ta laƙaba mini, wato Lokotoro, yadda suke kiran likita. Na sha gaya mata cewa ilimin sinadarai na karanta, ba likitanci ba. Ta ce ita duk ɗaya ne, tunda dai na koyi ɓata fuska.

Gaskiya na ɓata fuska. Na dawo gida da yaƙinin cewa an ɗora mini nauyin kare Yaya daga abin da ake ba ta. Na buɗe shafi na musamman na riƙa lissafa duk abin da ya shiga cikinta: rubutun da Baba yake karɓowa wurin malamin unguwarmu a cikin kwalba, da ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, da man da Iya take murza mata a baya, da wani jiƙo mai ɗaci da ake kira maganin zaƙi, wanda mata suka yi imani yana wanke abin da ke tare hanya a lokacin naƙuda. Wannan jiƙon shi ya fi tsaya mini a rai.

"Iya, mene ne a cikin wannan?" na tambaye ta, biro a hannuna.

"Ɗaci."

"Na san da ɗaci. Ɓawon wane itace ne?"

"Oho, in faɗa miki ki rubuta, jibi in tarar kin kafa rumfa a Maigatari kin kashe mini kasuwa? Ke da na karɓa kina tsala ihu, kanki kamar gorar nono? Tashi ki kawo mini ruwa, Lokotoro."

A wannan Alhamis ɗin ce ta ɗaura zaren. Bayan ta gama shafa cikin Yaya da tafin hannu, sai ta ciro baƙin zare daga lalitarta, irin wanda ake kitso da shi, ta naɗa a idon sawun Yaya na hagu. Ta zura yatsunta biyu tsakanin zaren da fata, sannan ta ƙulle a kansu, ta zare yatsun, zaren ya yi sako-sako yana juyawa. Ta yi addu'a ta tofa. Ta ce wa Yaya kada a taɓa shi. Daga nan ta shiga madafa wurin Inna, suka yi magana ƙasa-ƙasa wadda ban ji ba. Abin da na rubuta a ranar yana nan, kuma ba zan goge shi don in gyara kaina ba: "Alhamis. Zare a ƙafar hagu. Camfi."

A kwanakin da suka biyo baya Inna ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da hantsi sai ta ɗauko kujerarta 'yar tsuguno ta zauna a bakin madafa da faifan wake, daidai inda take iya hango wurin da Yaya take wanke ƙafa. Na gani, amma ban rubuta ba, domin ban ɗauke shi a matsayin wani abu ba.

Kwana tara bayan ɗaurin, ranar Asabar, Inna ta fita gaisuwar mutuwa tun da safe. Yaya ta roƙe ni in yanke mata farcen ƙafa, don ba ta iya sunkuyawa. Da na ɗora ƙafar a cinyata sai na lura da idon sawun. Zaren ya nutse cikin tsoka, fata ta kumburo sama da ƙasansa ta kusa rufe shi. Na gwada zura ƙaramin yatsana, ko farce bai shiga ba.

"Yaya, abin nan yana tare miki jini. Dubi yadda ya sa ƙafarki ta zama."

"Iya ta ce kada a taɓa."

"Iya ba ta karanta yadda jini ke gudana ba. In aka bar shi zai iya yi miki gyambo."

Ta rufe ido, ta jingina kai da bango. "Ke da ita," ta ce.

Na sa reza na yanke shi. Na juya al'amarin a kaina baibai: na ɗauka zaren ne ya kumbura ƙafar, alhali ƙafar ce ta kumbura ta cika zaren. Ko ɗaya ƙafar ban kalla ba, wadda babu zare a kanta, da na ga ita ma haka take. Abu ɗaya na yi daidai, shi ma ba don hikima ba, sai don halina na rashin iya yar da komai. Na ninke zaren da ƙullinsa na sa a tsakiyar littafina, na rubuta a gefensa: "Asabar, hantsi. Na yanke. Ya nutse, yatsa ba ya shiga." Na wuni ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Washegari Inna ta zauna a wurinta da faifanta. Na ga ta daɗe hannunta bai motsa ba. Can da na zo wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Iya ta biyo ta nan ne jiya da na fita?"

"A'a, Inna. Ai sai Alhamis."

Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Abin da ya faru a jikin Yaya a waɗannan kwanaki biyar, daga baya na tattara shi. A lokacin abin da na gani kaɗan ne. Ta riƙa ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta ce mini zafin rana ne. Ta cire zoben hannunta da sabulu ta ajiye. Fuskarta ta cika, maƙwabta suna cewa goyon ciki ya karɓe ta, wata ma ta ce alamar ɗa namiji ce. Awonta na ƙarshe bai nuna wata matsala ba, na ga haka a katin da idona, ranar komawarta kuwa da sauran kwanaki. Inna ta rage cin abinci. Sau biyu na same ta tsaye a ƙofar ɗakin Yaya da kwano a hannu, da ta gan ni sai ta miƙo mini ta juya.

Ranar Alhamis Iya ta iso bayan azahar, ɗan acaɓa ya sauke ta da buhunta a ƙofar gida. Ta sha fura, ta yi ƙorafin manyan motocin da suka cika hanyar Maigatari, sannan ta ce wa Yaya, "Miƙo ƙafa."

Yaya ta miƙa. Iya ta dubi idon sawun, ta dubi Yaya.

"Ina zarena?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Na gyara murya na ce ni na yanke, na fara bayanin jijiyoyi da gudanar jini, wanda na tanada tun ranar Asabar. Na zaci za ta yi mini tsiya kamar kullum. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ne ya fara tsorata ni.

"Yaushe?"

"Ranar Asabar."

"Kamawa ya yi, ko ƙaiƙayin hannu ne irin naku na 'yan boko?"

"Ya kama, Iya. Ya nutse har yatsa ba ya shiga."

"Kin tabbata Asabar? Ba shekaranjiya ba? Ki yi tunani, kada ki faɗa mini abin da ba ki sani ba."

Na ruga ɗaki na ɗauko littafin, na buɗe shafin a gabanta, duk da na san ba ta karanta boko. Zaren ya faɗo a cinyarta. Ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta dube ni wani irin kallo.

"Kin ajiye shi?"

"Na ajiye."

Ta naɗa shi a inda yake da farko, ta ja bakunansa biyu don su haɗu. Ba su haɗu ba. Tazarar da ta rage a tsakaninsu, ni a ganina ta kai faɗin yatsu biyu, Iya ta ce uku, ban kuwa auna ba. Ta danna babban yatsanta a ƙaurin Yaya, ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta juya hannuwanta, ta kama haɓarta ta ɗaga fuskar.

"Kanki fa?"

Yaya ta kau da ido.

"Ni ce, ba uwarki ba. Ni na fara ganin tsiraicinki a duniya, babu abin da za ki ɓoye mini. Kanki?"

"Yana sarawa."

"Ido?"

"Ina ganin wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin."

Iya ta miƙe tsaye da saurin da ban san tana da shi ba. "Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Na masu allura ne. Ɗauko mayafinta." Sannan ta juyo kaina, ta ɗaga zaren daidai hancina. "Ke kin zaci don aljanu na ɗaura? Addu'a daban, aiki daban. Don waccan na ɗaura." Ta nuna Inna, wadda ke tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. "Ba ta iya tambayar 'yarta, 'yar ba ta iya gaya mata. To ido fa, an hana shi kallo? Na ce mata in ta ga ya daina juyawa ta aiko mini ko ina gona. Ƙafar mai ciki kowa ya san tana hawa, amma wadda ta cinye yatsu biyu cikin kwana tara, ba hawan lafiya ba ne. Ke kuma kin zo da rezarki kin tsone mata ido."

Inna ce ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, tana kallon bango. Ta ce ko a jira Malam, wato Baba, ya dawo daga gona, a kuma sanar da mijin yarinyar, tunda ba a fita da matar mutum ba da saninsa ba.

"Lokotoro, kira shi ki ba ni."

Na kira mijin Yaya, na kara mata wayar a kunne. Iya ba ta yarda waya tana kai murya ba sai an taimaka mata, don haka duk unguwa ta ji.

"Kai ne mai riɗi? Iya ce. Lafiya ba lau ba. Za mu kai matarka asibiti yanzu. A'a, ba izini nake nema ba, ɗan nan, sanarwa nake yi maka. Ka bar buhunan nan, ba za su gudu ba. Ka tarar da mu can."

Kafin in dawo da mai a-daidaita-sahu, ta sa an tattara kwalabe a cikin kwando. Ta ce in haɗa da littafina, in haɗa da jarkar maganin zaƙi.

"Har naki, Iya?"

"Nawa ne ma farko. Su ga abin da ta sha. Ni ba ɓarauniya ba ce da zan ɓoye kayana."

A cikin a-daidaita, Yaya tana tsakiyarmu kanta a kafaɗata, Iya ta ce in buɗe littafin. Abin da ta hana ni mako biyu da suka wuce, ta karanto mini shi ba tare da na roƙa ba: ɓawon maɗaci, ganyen sabara, da wata saiwa da ta kira da sunan da ban taɓa ji ba, har yau kuma ban same shi a wani littafi ba. Rubutun wannan shafin duk ya karkace saboda ramukan hanya.

A asibiti mun tarar da layin mata a kan benci. Iya ba ta ko dube shi ba, ta ja hannun Yaya har gaban tebur. Na shirya jin faɗa, sai na ji nas ɗin, wata doguwa mai tabarau, ta ce, "Iya, yau kuma wa kika kawo mana?" Ashe sun saba. Ta naɗa wa Yaya abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance ta mayar ɗaya hannun, ta sake dubawa. Nan take ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira a kawo keken marasa lafiya. Aka gwada fitsari, aka kwantar da ita, aka yi mata allurai, ɗaya daga ciki Yaya ta ce ba ta taɓa jin zafi irin nata ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa, nas ɗin ta karɓi littafina ta karanta shafin magunguna daga sama har ƙasa, ta nuna wa likita. Ta tambayi ranar da kumburin ya yi tsanani, na ce Asabar, na nuna mata inda na rubuta. Ta ɗaga jarkar ta sunsuna, ta yamutsa fuska, ta ce a dakatar da shi, domin ba su san abin da yake yi wa mai hawan jini ba. Na dubi Iya ina jiran gardama.

"An daina," ta ce. "Ai tunda na kawo ta nan, hannuna ya fita."

Likitan ya yi wa Baba da mijin Yaya bayani da suka iso, ina tsaye a gefe. Ya ce hawan jini ne irin na masu ciki, kuma ta kusa kaiwa ga jijjiga, wadda kan tafi da uwa ko ɗa, ko duka biyun. Ya ce za su yi ƙoƙarin sauke jinin su ga abin da hali zai yi. Bayan kwana uku jinin ya ƙi zama, suka yanke shawarar ciro abin da ke cikin ta hanyar tiyata. A lissafin katin, cikin ya haura wata takwas da kaɗan. A lissafin Iya, wadda ke ƙirga tsayuwar wata, ya fi haka da mako biyu. Ban san wanda ya fi daidai ba.

Duk kwanakin nan uku Inna ba ta taka asibitin ba. Abinci take aikowa, kwano bisa kwano, fiye da abin da mutum biyar za su ci. Iya kuwa ta fasa komawa ƙauye, ta shimfiɗa tabarmarta a barandar ɗakin masu haihuwa, kafin kwana biyu ta san tarihin kowace mai jinya. Ranar Lahadi da safe, da aka shiga da Yaya ɗakin tiyata, na waiwaya sai na ga Inna can gindin wata darbejiya, ta rufe rabin fuska da mayafi, carbi yana gudu a hannunta. Ba wanda ya kira ta, ba kuma wanda ya nuna ya gan ta.

Aka fara fito da jaririya, mace, ƙarama ƙwarai, tana kuka da muryar da ta fi jikinta girma. Iya ta leƙa cikin zanen ta ce, "Kai, wannan bakin na Lokotoro ne." Sannan aka turo Yaya a kan gado, maganin barci bai gama sakinta ba. Nas mai tabarau ta ce a kira sunanta, ta ji muryar da ta sani. Na kira, ba ta motsa ba. Mijinta ya kira a kunyace, shiru. Sai na ji an ture ni gefe. Inna ce. Ta dafa goshin Yaya da tafin hannunta, ta kira sunanta, cikakken sunan yanka, da ƙarfi, a gaban surukinta da nas da duk wanda ke barandar. Yaya ta buɗe ido.

A nan ne madogaraina suka fi saɓawa. Ni na rubuta a ranar cewa sau biyu ta kira. Iya ta ce sau uku, kuma duk lokacin da ta sake ba da labarin sai muryar Inna ta ƙara ƙarfi. Yaya ta ce ba ta tuna komai ba sai sanyin hannu a goshinta. Inna kuwa ta ce ita "ke" kawai ta ce, mu ne muka ji abin da muke son ji. A wannan wuri na tsaya a kan abin da na rubuta.

An yanka ragon suna alhali suna asibiti. Ranar da aka sallame su, uwa da 'ya lafiya, gidanmu ya cika har zaure. Mata suka yi ta guɗa tun daga bakin layi. Dangin mijin sun zo daga Gagarawa da buhun gero da kaji, mutanen Inna sun zo daga ƙauye a bayan babura, uku-uku. Iya ta zauna a tsakiyar tsakar gida, jaririyar a cinyarta, tana ba da labari ga duk wadda ta shigo, ni ce kuma abin wasan.

"Kun gan ta nan, shekara huɗu tana jami'a, abin da ta koyo shi ne yankan zare! Amma ku tsaya, kada ku yi dariya tukuna. Wace ce a cikinku za ta yanke zare ta adana shi, har ta rubuta ranar? Ku da ko shekarun 'ya'yanku ba ku sani ba? Da ta ce mini ta manta ranar, da sai in tsaya ina wasi-wasi. Lokotoro ta ɓata, Lokotoro ta gyara. A ba ta cinyar kaza!"

Aka ba ni, na kuwa cinye ta a gaban kowa, ban taɓa jin daɗin nama kamar na ranar ba.

Domin kada wani ya ɗauki abin da ban faɗa ba, dole in ƙara wannan. Na koma wurin nas ɗin na tambaye ta game da zaren. Ta ce kumburin ƙafa shi kaɗai ba hujja ba ne: mata da yawa suna kumbura ba tare da wata illa ba, wasu kuma jininsu yana hawa ƙafarsu ba ta nuna komai ba, don haka zare ba zai maye gurbin awo ba. Amma ta ce kumburin da ya zo da sauri, ya haɗa da fuska da hannu da ciwon kai, abin gudu zuwa asibiti ne, kuma ta fi son tsohuwar da ta san inda iyakarta take a kan mai ilimin da bai sani ba. Ban tambaye ta wa take nufi ba. Na kai wa Iya maganar awon kamar yadda aka faɗa. Ta ce, "Wa ya ce miki zaren magani ne? Ni dai na san gidajen da ake magana, na san gidajen da ba a yi." Na tambayi likitan ko kwana biyar ɗin nan ne suka jawo tiyata, da kuma ko jiƙon yana da hannu a hawan jinin. Ya ce ba zai iya cewa e ko a'a ba a kan ko ɗaya.

Saura Inna. Na jira har bayan arba'in, wata rana muna tsince shinkafa mu biyu. Ta yarda ta gaya mini cewa ranar Alhamis, kwana bakwai da ɗaurin, zaren yana ɗan motsi, ranar Juma'a aka wuni ana ruwa Yaya ba ta fito ba, Asabar kuma ta fita tun da safe. Ran Lahadi da ta ga babu shi, ta ce ta yi ta saƙe-saƙe: ko tsinkewa ya yi, ko yarinyar ce ta gaji da shi. Ƙafar ta yi mata girma a ido, amma ba ta da abin gwadawa, ita kuma abin da aka ce mata shi ne ta aika idan ya kama. Na ce to me ya hana ta tambaye ni kai tsaye, ni da ba 'yar fari ba? Ta ce tambayata a kan ƙafar yayata, ai tambaya ce a kan cikin. Na ce da ta ga zaren ya kama da idonta fa, da ta aika? Ta kaɗa faifan, ta hure ƙaiƙayi, ta ce in duba ko wutar ta mutu.

Yarinyar tana gudu yanzu, Yaya kuma tana cikin ƙoshin lafiya. Amma abin da na tambayi Inna ban sami amsarsa ba, ba na kuma jin ita kanta ta sani. Da ban yanke zaren ba, da Inna ta aika a kira Iya tun ranar Lahadi, ko kuwa kunyar da ta hana ta tambayata za ta riƙe ta har Alhamis?